Yadda ake dawo da ƙarfin cinya bayan ɗori, a tsarin DeLorme

Duk wanda aka kwance wa ɗori ya san yadda cinya take tsotsewa. Mu a sashen gashi mun fi ganin wannan, kuma yawancin masu zuwa tausa da ruwan zafi suke nema. Tausa tana da daɗi, amma ba ta gina tsoka. Nauyi ne yake gina ta.

Wanda ya kafa wannan a aikinmu shi ne Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka a wani asibitin soja da ke Chicago lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Shi kansa mai ɗaga ƙarfe ne. A lokacin ana lallaɓa sojoji masu rauni da motsi mara nauyi, shi kuwa ya ɗora musu ƙarfe. Ya wallafa sakamakonsa a 1945, sannan a 1948 shi da Arthur Watkins suka taƙaita tsarin zuwa zagaye uku. Shi nake koyarwa har yau.

Kafin komai, sai likitanka ya tabbatar ƙashi ya haɗe. Wannan ba na sassautawa a kansa.

Cika tsohuwar safa da yashi, ka auna a sikelin mai shago, ka ɗaura a idon sawu. Zauna a kan tebur, ƙafa na lilo. Miƙe gwiwar sosai, ka ɗan riƙe, ka sauke a hankali. Nemo nauyin da za ka iya ɗagawa sau 10 amma na 11 ya gagara. Shi ne ma'auninka.

A ce kilo 4 ne. Zagayen farko kilo 2 sau 10, na biyu kilo 3 sau 10, na uku kilo 4 ɗin sau 10, da hutun minti biyu a tsakani. Ni nakan ce a yi yau, a huta gobe.

Inda mutane suke tsayawa shi ne ƙari, kuma nan ne zuciyar aikin. Kowane mako ka sake gwaji. In kilo 4 ya yi sauƙi, ƙara yashi. Tsamin tsoka washegari ba komai ba ne. Amma in gwiwa ta kumbura, ko ka ji suka a cikinta, kwance safar ka koma asibiti a duba.