Yadda Ake Tsara Tallar Jarida Ga Babban Kamfani

A ce kana aiki a wani ofishin tsara talla a nan Kaduna, sai wani babban kamfanin takin zamani ya ba ku aikin cikakken shafi a jarida, yana so ya fito kafin ruwa ya sauka. Kuɗin shafin ba kaɗan ba ne, ranar fitowa ba ta ɗaguwa, ga manya da yawa da kowannensu zai so ya sa baki. Ga yadda za ka bi da aikin.

Mataki na farko, kada ka taɓa kwamfuta tukuna. Ka zauna da wakilin kamfanin, ka fitar da abin da suke so a rubuce, shafi ɗaya ya isa. Me ake tallatawa, NPK ne ko yuriya? Me ake so mai karatu ya yi bayan ya gani? Sai babbar tambayar: da wa ake magana? Za su ce maka da manomi. Ka sake tambaya. Mai noman masara a Saminaka ko Soba, da mai noman citta a Kachia, yawancinsu a rediyo da bakin dillali suke jin labarin taki. Masu buɗe jarida su ne manyan dillalai, da shugabannin ƙungiyoyin manoma, da jami'an ma'aikatar gona, da ma'aikacin gwamnati mai gona a ƙauyensu. Idan dillali ake nema, a yi masa maganar inda zai ɗauki kaya da lambar da zai kira. Idan kuwa ƙaramin manomi ake nufi, ka faɗa musu gaskiya cewa fastar da za a manna a shagon taki ta fi shafin jarida kai musu saƙo, ko da hakan zai rage muku ciniki.

A wannan zaman ne kuma za ka nemi sanin wanda sa hannunsa ne na ƙarshe. Sau da yawa manajan da ke Kaduna ya ce ya yi, ashe sai an aika hedikwata a Legas ko Abuja. Ka rubuta sunan wannan mutumin, shi ne ainihin mai aikin.

Na biyu, ka tsayar da magana ɗaya. Kamfanin zai kawo maka abubuwa barkatai: inganci, araha, sabon buhu, rassa a jihohi, hoton shugaba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Mai karatu yana juya shafi ne, ba nazari ya zo yi ba. Ka zaɓi abu guda da za ka iya faɗa da numfashi ɗaya, misali cewa kaya sun riga sun sauka a rumbunan kamfanin tun kafin shuka. Sauran su gangara ƙasa cikin ƙananan haruffa, ko a bar su sai wata tallar.

Idan a Aminiya ko wata jaridar Hausa za a buga, a zauna a ƙirƙiro kanun da Hausa tun daga tushe. Mai karatu yana gane jimlar da aka jawo daga Turanci, kuma nan take yake jin ba da shi ake ba. Ka karanta wa direban ofishinku da mai sayar muku da abinci. In sun ce "me kake nufi?", koma ka sake.

Na uku gajere ne. Kira sashen talla na jaridar, ka karɓi tsawo da faɗin shafin da santimita, da ranar da suke rufe karɓar talla, da irin fayil ɗin da suke so. Girman Daily Trust ba lallai ya zo daidai da na wata jaridar ba, kada ka yi kintace. Ka tambayi farashin shafin dama, don ido ya fi sauka a can, kuma galibi ya fi tsada.

Na huɗu, ɗauki fensir da takarda ka zana ƙananan tsare-tsare kamar goma, cikin sauri. Kowanne ya nuna inda ido zai fara sauka, da inda zai bi, da inda zai ƙare, wato kan tambarin kamfani da lambar waya. Ka bar fili. Farin wuri a shafi ba asarar kuɗi ba ne, shi ne yake sa kanu ya fito, ko da yake wannan ita ce gardamar da za ka fi sha da mai talla, wato kamfanin da ya ba ku aikin.

Batun hoto yana buƙatar natsuwa. Tun daga ranar 1 ga Oktoban 2022 hukumar ARCON, wadda ta maye gurbin APCON wajen kula da harkar talla a Najeriya, ta hana sa 'yan ƙasar waje a tallar da ake yi wa 'yan Najeriya. Don haka hoton wani manomi da ka tsinto a intanet zai iya jawo muku matsala, ban da cewa mai gona yana kallon ganyen masara da launin ƙasa ya san ba tamu ba ce. Ka ɗauki mai hoto ku je gona ta gaske, da sassafe ko bayan la'asar lokacin da rana ba ta da zafi a fuska. Wanda za a ɗauka ya sa hannu a takardar amincewa, a biya shi. Kuma ka tuna jaridar za ta shiga Tudun Wada da Kawo, ta tsallaka gada ta shiga Barnawa da Sabon Tasha, ta kai Kafanchan. Sutura da fuskar da ka zaɓa su zama waɗanda kowane ɓangare zai gani ya ce namu ne.

Na biyar, a nan ne ƙwarewa take bayyana, don takardar jarida ba fuskar kwamfuta ba ce. Kwamfuta da haske take nuna launi, tsarin RGB. Injin bugu kuwa tawada huɗu yake haɗawa, CMYK, kuma koren nan mai ɗaukar ido da kake gani a manhajar zane irin CorelDRAW ko Photoshop zai dusashe a takarda. Ka mayar da aikin CMYK tun farko, kada ka yaudari kanka da mai talla. Takardar jarida tana shan tawada, ɗigo yana bazuwa, hoto ya yi duhu fiye da yadda ka bar shi. Saboda haka ka ƙara wa hoton haske, musamman fuskar mutum da ke ƙarƙashin malafa, in ba haka ba idanu su ɓace. Jimillar tawada huɗun a wuri mafi duhu kada ta wuce kashi 240 cikin ɗari, sai dai in maɗaba'ar ta ba ka nata adadin.

Ƙananan rubutu ka yi su da baƙar tawada zalla. In ka haɗa baƙin da launi huɗu, farantin bugu ɗaya ya ɗan goce, sai lambar wayar ta fito da inuwa. Farin rubutu siriri a kan kore ko ja shi ma tawada tana cinye shi. Ka ƙara masa kauri da girma, ko ka haƙura da shi. Hoto ya kai ɗigo 300 a kowane inci a girman da za a buga shi. Tambarin da aka turo maka ta WhatsApp a matsayin hoto ya riga ya lalace, ka nemi asalin fayil ɗin daga hedikwata. Sannan ka gwada salon haruffan da ka zaɓa ko yana da ƙ da ɗ da ɓ, manya da ƙanana, don da yawa ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar kanu. Idan mujalla ce ko fasta da za a datse gefenta, ka sa zanen ya wuce iyakar shafin da milimita 3 a kowane gefe.

Na shida, kai wa mai talla. Kada ka tura ta waya ka zauna jira. Ka buga a ainihin girmansa, ka manna a cikin jaridar jiya, ka miƙa masa ya juya shafi da kansa har ya iso wurin. Tsari biyu ya isa, kuma ka faɗi wanda kake goyon baya. Zai ce a ƙara girman tambari, kusan kullum haka ne. Kada ka musa kai tsaye. Ka ce, "Ranka ya daɗe, za a iya, amma sai buhun ya ragu. Wanne kake so dillali ya fara gani?" Duk gyaran da aka yarda da shi a rubuta, a kuma ƙayyade zagaye nawa na gyara ke cikin kuɗin da aka yi ciniki.

Na bakwai, tantancewa. Doka ta ce ARCON ta duba talla kafin ta fita, kuma duk wani iƙirari irin "ya fi kowane taki" sai da hujja a hannu. In abinci ne ko magani ko kayan shafa, akwai amincewar NAFDAC a kan tallar ita kanta. Ka sa kwanakin wannan a lissafinka tun ranar farko.

Daga nan sai ka mayar da haruffa zane don kada su sauya a wata kwamfutar, ka fitar da PDF. Wanda bai taɓa ganin aikin ba ya karanta shi da ƙarfi, ya kira kowace lambar waya da ke ciki, ya gwada lambobin da ke jikin buhun hoton da waɗanda ke cikin rubutun. Mai sa hannun ƙarshe ya sa hannu da kwanan wata a kan samfurin tallar da ka buga a takarda, sannan a aika wa jaridar.

Ranar fitowa ka sayi jaridar da safe, ka ɗora ta kusa da samfurin da aka sa wa hannu. In launi ya goce ko an kai ku shafin da ba shi aka biya ba, ka kira sashen tallarsu a ranar ka nemi a sake bugawa, tun kafin mai talla ya kira ka.