Zuwa bikin Mardi Gras a New Orleans: kurakuran da baƙi ba sa gajiya da maimaitawa

Duk shekara sai an samu wanda zai yanki tikitin jirgin da zai sauke shi a birnin New Orleans na Amurka ranar Talatar Mardi Gras da azahar, ya kama ɗaki a bakin titin Bourbon, ya kuma sa a goge masa babbar riga saboda liyafar sarkin bikin da ya gani a talabijin. Abu uku ya shirya, ukun duka sun tashi a banza. Ya iso an kusa watsewa, ya tsaya inda jerin gwano ba ya bi, liyafar kuma ba wanda ya gayyace shi.

Mu fara da ranar. Mardi Gras kalmar Faransanci ce, ita ce Talatar ƙarshe kafin Kiristoci su shiga azuminsu na kwana 40, kuma kullum tana faɗowa kwana 47 kafin Ista. Tunda Ista ba ta da rana tsayayya, ita ma haka take yawo tsakanin 3 ga Fabrairu da 9 ga Maris. A 2025 ta kama 4 ga Maris, a 2026 17 ga Fabrairu, a 2027 9 ga Fabrairu, a 2028 kuma 29 ga Fabrairu. Wanda ya ce "ai bara a Maris aka yi" ya nemi hutu a Maris, shara kawai zai tarar. Abin da ya fi wannan muhimmanci: Talatar nan rufewa ce. Ana buɗe kakar bikin tun 6 ga Janairu, manyan jerin gwano kuma suna cika makonni biyu na ƙarshe. Zuwa ranar Talata kaɗai kamar mutum ne ya je Kano kallon hawa ya isa bayan Sarki ya shige gida.

Ƙungiyoyi ne ke shirya komai da kuɗin aljihunsu, kowacce ana ce mata krewe, kowacce da ranarta. Daren Alhamis na Muses ne, ƙungiyar mata da ta fara fita a 2001, wadda ake rububin takalman da take ƙawatawa da ƙyalƙyali. Juma'a da dare Hermes da d'Etat da Morpheus. Asabar da rana Iris da Tucks, da yamma Endymion. Lahadi Thoth da rana, Bacchus da dare. Litinin Proteus da Orpheus. Talata Zulu tun ƙarfe 8 na safe, Rex na biye da hantsi, kafin la'asar yawancin abin kallo ya wuce. Ni dai shawarata ba ta canzawa: ka sauka Laraba ko safiyar Alhamis. In kwana uku kawai gare ka, ɗauki Juma'a zuwa Lahadi ka haƙura da Talatar, ba ka yi asarar kirki ba.

Ga Musulmi akwai ƙarin lissafi a 'yan shekarun nan. Ana sa ran azumin Ramadan na 2027 zai kama wajen 8 ga Fabrairu, wato Litinin da Talatar bikin za su iya shiga cikinsa, amma Alhamis zuwa Lahadi suna gabansa. A 2028 kuma makonnin jerin gwano kusan duka cikin azumi za su faɗo, ƙarshensu ya haɗu da ƙaramar Sallah. Duba kalandar biyu kafin ka biya ko sisi.

Titin Bourbon

Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin mutane, kuma shi ya fi ba ni haushi, domin taswira ɗaya ta isa ta hana shi. Manyan motocin ado da tarakta ke ja ba sa shiga tsohuwar unguwar French Quarter, tun farkon shekarun 1970 aka hana su saboda ƙuncin lunguna da tsoron gobara. Abin da ke Bourbon mashaya ne, da cunkoso, da 'yan yawon buɗe ido a buge suna ihu wa na saman bene. Sai mutum ya kwashe iyalinsa ya kai su can, ya ga abin da ido bai so ba, ya dawo yana cewa bikin gaba ɗaya fitsara ce. Kai ka kai kanka. 'Yan gari da 'ya'yansu da kakanninsu suna can titin St. Charles ƙarƙashin manyan itatuwa, da kujerunsu da tukwanensu, tun safe.

Hanyar da yawancin ƙungiyoyi ke bi ita ce daga titin Napoleon, su gangaro St. Charles, su ƙare wajen titin Canal. Tsakanin Napoleon da titin Jackson nan ne wurin iyali. Kana matsowa Canal taro na ƙara cushewa, shingayen ƙarfe na ƙara yawa, jerin gwanon kuma na iso maka a makare, wani lokaci bayan awa biyu ko uku da tashinsa. Sai dai a kula da biyu da suka saɓa. Endymion ba ta bin St. Charles ta sama, daga unguwar Mid-City kusa da City Park take tasowa ta biyo Canal. Zulu kuma ta titin Jackson take shigowa St. Charles, don haka wanda ya kafa kujera sama da Jackson ranar Talata zai ga Rex amma Zulu ba zai ko ji gangarta ba. Mutane da yawa sun yi sammakon banza a kan wannan.

Titin gefe biyu gare shi, kuma 'yan gari da su suke kwatance: ɓangaren dakalin masu tafiya a ƙasa, da tsibirin tsakiyar titi da suke kira neutral ground. In ka san wani a cikin motar ado, tambaye shi lambar motar da ɓangaren da yake. In ba haka ba, duk fuskokinsu a rufe suke, doka ce ta wajabta musu, ba za ka gane shi ba.

Masauki na da nasa tarkon. Otal-otal na tsakiyar gari sukan ƙi ba da ɗaki sai na kwana huɗu ko biyar a jere, kuma masu kyau suna ƙarewa watanni kafin lokaci. Amma tsada ba ita ce babbar matsalar ba, hanya ce. Da an rufe titi, layin jerin gwano kan zama katanga, yankin da ya kewaye kuma 'yan gari na ce masa akwati. Mota ba ta shiga, ba ta fita. Taragon lantarki na St. Charles yana daina aiki awanni kafin a fara. Uber zai nuna maka minti goma, ya shafe awa bai iso ba. Nemi ɗakin da za ka taka da ƙafa zuwa inda za ka tsaya, kuma ya kasance ɓangare ɗaya da wurin tsayawarka. Masu tuƙowa daga Houston, tafiyar awa biyar zuwa shida a kan babbar hanyar I-10, su ajiye motar a garejin otal su manta da ita. Ajiye mota a kan hanyar jerin gwano haramun ne tun awa biyu kafin a fara, janwe kuma ba ya jiran ka gama bayani.

Wanda zai taso daga gida Najeriya ko Nijar ko Chadi ko Sudan, ya fara da maganar biza kafin komai, domin dokokin shiga Amurka sun tsananta ƙwarai ga ƙasashen nan tun 2025. Kada ka biya ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa alhali fasfonka ba hatimi.

Liyafa ba a sayenta da baki

Kuskure na uku mai zafi shi ne ɗaukar cewa duk liyafar dare tikiti ce, in kana da kuɗi ka shiga. Iri biyu ne, kuma ba su haɗa hanya ba.

Tsofaffin ƙungiyoyi, irin su Comus da ta fara fita a 1857 da Rex ta 1872, liyafarsu ta gayyata ce zalla. Katin na ɗauke da sunanka, ba a ba wani aro, ba a sayarwa. Duk wanda ya ce zai sayar maka da katin shiga liyafar Rex a intanet, riƙe kuɗinka. Ko an gayyace ka ma, kada ka zaci rawa za ka je yi. Zama za ka yi ka kalli sarki da sarauniya da 'yan matan manyan gidaje ana gabatar da su ɗaya bayan ɗaya, ana rusunawa. Macen da aka aiko wa katin kira na musamman ita ce ɗan ƙungiya mai rufaffiyar fuska zai fito da ita fili, ya ba ta 'yar kyauta. Sauran 'yan kallo ne. Haɗuwar fadar Rex da ta Comus a daren Talata, wadda da ita ake rufe kakar, tashar WYES na nuna ta kai tsaye, kuma daga kan gadon otal za ka fi ganinta da kyau. Akwai kuma tarihi a ƙarƙashin rufin ƙofar nan: a 1991 majalisar birnin, bisa ƙudurin 'yar majalisa Dorothy Mae Taylor, ta kafa dokar hana wariya ga ƙungiyoyin da ke bin titunan gwamnati. Comus ta gwammace ta daina fita titi da ta bi sharaɗin, liyafarta kawai ta ci gaba da yi.

Iri na biyu shi ne manyan shagulgulan ƙungiyoyin zamani. Orpheuscapade ta daren Litinin da liyafar naɗin sarkin Zulu ana sayar wa jama'a tikitinsu. Na Endymion da na Bacchus galibi sai ta hannun ɗan ƙungiya. A irin na Orpheus da Endymion motocin adon har cikin zauren suke shigowa da fitilunsu, makaɗa na kai har tsakar dare ya gota. Mutane kan sayi tebur su zo da abincinsu a kula. Wanda ya zo hannu rabbana yana jiran a kawo faranti, sai ya duba abin da tikitinsa ya ƙunsa tun a gida.

Sutura kuma ba a yi mata wasa. A tsofaffin liyafa, in kati ya ce costume de rigueur, ana nufin namiji ya sa baƙar kwat mai jela da farar falmaran da ɗan farin laktaye mai siffar malam-buɗe-littafi, mace kuma doguwar riga har ƙasa. A na zamani kwat ɗin tuxedo ne ga maza, mata dai riga har ƙasa. Har ƙasa ake nufi, ba ƙwauri ba, masu tsaron ƙofa na mayar da mutum da tikitinsa a hannu. Matanmu nan ba su da matsala, doguwar riga ta leshi ta share ƙasa ta cika sharaɗi. Maza ne ke shiga uku. Babbar riga ta shadda ta fi kwat ɗin haya kwarjini nesa ba kusa ba, amma mai gadin ƙofa abin da aka rubuta masa yake bi. Rubuta wa ƙungiyar tun da wuri ka tambaya ko suna karɓar kayan gargajiya, ka riƙe amsar a wayarka. In ba amsa, yi hayar kwat, kuma ka yi odarsa makonni kafin lokaci, don a makon bikin shagunan haya sun zama wayam. Mata su sa takalmi mara tsini a jaka, daɓen siminti ne za a tsaya a kai awa shida.

Sauran ƙananan abubuwa

Banɗaki: shi ne abin da ba wanda ke tunawa sai ya matse. Coci-coci da makarantun da ke bakin hanya suna sayar da abin ɗaura wa hannu na shiga banɗakinsu yini guda, saya tun da safe. Tsugunawa bayan mota kuwa kamu ne, kuma wanda aka kama a ƙarshen makon nan zai iya kwana fiye da ɗaya kafin a saurare shi.

Abin da ake jefowa, sarƙoƙin roba da kofuna da kwabban alminiyam, kada ka sa hannu a ƙasa ka ɗauka kai tsaye. Taka shi da ƙafa tukuna, in motar ta wuce ka sunkuya, in ba haka ba wani zai taka maka yatsu. Kada ka bi mota da gudu, kada ka ratsa tsakanin motoci biyu da aka haɗa. A 2020 mutum biyu sun mutu ta haka cikin mako guda, ɗaya a jerin gwanon Nyx, ɗaya a na Endymion. Sarƙar roba ba ta kai ran mutum ba, ga ta nan har ta yi yawa: a 2018 ma'aikata sun kwaso tan 46 nata daga magudanun ruwa na wani ɗan yanki na St. Charles kaɗai. Kwakwar Zulu mai fenti ita ce abin nema, ita kuma miƙa ta ake yi hannu da hannu, sai ka matso kusa. Kada ka firgita in ka ga mahaya Zulu sun shafe fuska da baƙi sun ɗaura bantan ciyawa. Ƙungiyar baƙaƙen fata ce da ta faro a 1909, shahararren makaɗin jazz Louis Armstrong ma ya yi sarautarta a 1949, ko da yake har gobe ana muhawara kan shafe fuskar.

Tsanin da ake ɗora yara a kai dole ya ja baya ƙafa shida daga bakin titi. Kwalba ba ta halatta a hanya. Ka riƙe 'yan daloli ƙanana don masu ɗauke da tocilan wuta da ke rako jerin gwanon dare, al'ada ce a miƙa musu. Sanyin Fabrairu a can yaudara gare shi, rana ta yi ɗumi, dare ya sauka ƙasa da digiri 10 ga danshin kogi, sai a sa kaya bisa kaya. Iska ko ruwa na iya sauya jadawali, kamar a 2025 da aka matso da Zulu da Rex da sassafe aka kuma gajarta musu hanya, don haka sauke manhajar bin sawun jerin gwano ta tashar WDSU ko WWL. Layin waya kan cushe, ku tsayar da mahaɗa tun kafin ku rabu, a kuma rubuta lambar uba a takarda a sa a aljihun yaro.

Abinci: tsiran alade na ɓuya cikin gumbo da jambalaya da wake da shinkafa, har wanda aka rubuta na kifi ne ko na kaza. Kada ka tambaya ko akwai alade kawai, ambaci sausage da ham da andouille da sunansu. Miyar da ake zuba wa bread pudding sau da yawa da giya ake haɗa ta. Burodin po-boy na soyayyen jatan lande ya fi sauƙin sha'ani. In an yanka maka king cake, wato kek ɗin bikin, tauna a hankali, akwai ɗan jaririn roba a ciki, wanda ya samu kuma shi zai sayi na gaba.

Ƙarfe 12 na daren Talata 'yan sanda kan dawakai suke jeruwa su share titin Bourbon, motocin shara na bin bayansu. Safiyar Laraba kowa filin jirgin sama na Louis Armstrong da ke Kenner ya nufa a lokaci guda. In da hali ɗauki jirgin yamma ko na Alhamis, in kuwa na safen ne dole, bar otal awa huɗu kafin tashi.