Kurakuran da aka fi yi wajen tantance ko babbar lamba firam ce

Ɗauki wannan lamba: 4,294,967,297. Mara ce, ba cika ba, tunda da 7 ta ƙare. A nan ɗalibai da yawa suke fara tuntuɓe, sai su ce ai firam ce, wato lambar da ba ta rabuwa daidai sai da 1 da kanta. Mara daban, firam daban. Ga 91, mara ce, amma 7 sau 13 ce. Alƙalamin ƙarshe ba ya gaya maka komai illa batun rabuwa da 2, da 5, da 10.

Wasu kuma da sun ga 3 ko 9 a wutsiyar lamba sai su ce tana rabuwa da 3. Ina! Tara alƙaluman duka ake yi. Namu sun ba da 59, kuma 59 ba ta rabuwa da 3, saboda haka uwar lambar ma ba ta rabuwa.

Kuskuren da ya fi cin rai shi ne gwaji ba iyaka. Na ga mai niyyar raba lamba da kowace lamba har zuwa rabinta. A wannan, sai ya yi furfura bai kai ko'ina ba. Nemo lambar da in ka ninka ta da kanta za ta kai taka, ka tsaya nan. Tamu 65,536 sau 65,536 ce da ɗaya a kai, don haka gwaji ba ya wuce 65,536, kuma firam kaɗai za ka gwada. Ka kuma kula da kalkuleta mai gurbi takwas, ba ta ɗaukar alƙaluma goma.

Sai yarda da tsari don ya yi daidai sau kaɗan, wanda ya kayar da manya ma. Wajen 1640 Fermat, masanin lissafi ɗan Faransa, ya lura 3, 5, 17, 257 da 65,537 duk firam ne, kuma ƙa'ida ɗaya ta haife su, sai ya ɗauka ta shida ma haka take. Ta shidan ita ce wannan tamu. A 1732 wani masanin lissafi, Euler, ya nuna 641 sau 6,700,417 ce, wato ba firam ba ce. Kusan shekara 90 ana zaune da zato.

Ita kuwa 1, a daina saka ta cikin firam. Firam na da masu raba ta guda biyu cif, 1 kuwa ɗaya tak gare ta.