Makro a Microsoft Project: yadda na sauke nauyin daren Alhamis

Akwai lokacin da duk daren Alhamis a biro nake sallar Isha'i. Shantiye uku muke riƙe da su a sa'an nan: azuzuwan makaranta a wajen Madawa, ɗakin shan magani a kan hanyar Keita, da wata katanga nan cikin Tawa. Tsarin aikinsu duka yana cikin Microsoft Project, layi fiye da ɗari uku, tun daga haƙar harsashi har shafen fenti. Alhaji mai kamfanin abu ɗaya yake so da safiyar Juma'a kafin ya tafi masallaci: takarda guda mai nuna ayyukan da ranarsu ta wuce ba a gama ba. Sai in zauna ina bin layi ɗaya bayan ɗaya da yatsa a kan gilashin kwamfuta, ina kwafewa. Wata rana idona ya tsallake layin zuba kankaren rufi. Sai da sati ya zagayo aka lura, a lokacin kuwa motar siminti ta riga ta taso daga Malbaza da kayan wani shantiyen.

Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗana, wannan injin da muka saya da tsada, shi ba ya iya ƙirga da kansa?" Ya iya. Ni ne ban san yadda ake sa shi ba.

Makro umarni ne da kake rubutawa sau ɗaya, manhajar ta riƙa aiwatarwa duk lokacin da ka kira shi. Harshen da ake rubuta shi VBA ne, wanda ya fara fitowa a Excel a 1993, kuma shi ne dai a Word da Project. Amma ka tabbata Project ɗin da aka girka a cikin kwamfuta kake da shi, domin wanda ake buɗewa ta intanet ba ya ɗaukar VBA.

Kafin ka taɓa komai, kwafi fayil ɗinka, ka sa wa kwafin suna GWAJI. A kansa za ka koya. Makro ba ya tambayar ko ka tabbata; ka ce ya share, zai share layi ɗari uku kafin ka ƙifta ido.

Kada ka fara da rubutu, fara da naɗa. Yawancinmu a Nijar na Faransanci muke amfani da shi, to ka shiga Affichage, ka danna Macros, sannan Enregistrer une macro. Ba shi suna wanda babu fili a tsakani. Yi wani ƙaramin abu da ka saba yi, kamar canja kallo zuwa Gantt (zanen da ke nuna kowane aiki da sanda gwargwadon kwanakinsa) ko ƙara wani ginshiƙi, sai ka tsayar da naɗin. Yanzu danna Alt da F11 tare. Wata taga za ta buɗe, ka ga abin da ka yi da hannunka an mayar da shi rubutu. Karanta shi ko da ba ka jin Turanci sosai. Kalmomin ba su da yawa, kuma ko a na Faransanci da Turanci suke zuwa. Ni da haka na koyi rabin abin da na sani: in naɗa, in karanta, in canja kalma ɗaya, in ga me zai faru.

Sai dai naɗi yana da iyaka. Yana maimaita abin da ka yi, ba ya yanke hukunci. Ba zai dubi aiki ya ce wannan ya makara ba. Nan ne za ka rubuta da kanka. A cikin tagar nan, shiga Insertion, zaɓi Module, ka rubuta wannan:

Sub AikinDaYaMakara()
Dim t As Task
For Each t In ActiveProject.Tasks
If Not t Is Nothing Then
If Not t.Summary Then
t.Text1 = ""
If t.Finish < Date And t.PercentComplete < 100 Then t.Text1 = "YA MAKARA"
End If
End If
Next t
End Sub

Da Hausa abin da yake cewa shi ne: bi ayyukan da ke cikin wannan fayil ɗaya bayan ɗaya, in layin ba fanko ba ne, kuma ba kan babi ba ne, goge tsohuwar alama, in ranar gamawa ta riga ta wuce alhali aikin bai kai ɗari bisa ɗari ba, rubuta YA MAKARA. Ka koma Project, ka fito da ginshiƙin Texte1 (sunan Text1 a na Faransanci), ka tace shi, ga takardar Alhaji ta haɗu.

Layi na huɗu shi ne wanda nake so ka riƙe da kyau, domin ya ci mini yini biyu. Mu masu tsara aiki muna son barin layi fanko tsakanin shantiye da shantiye don ido ya huta. Project yana ƙirga wannan fankon cikin jerin, amma babu aiki a cikinsa. Makro na isowa wurin ya nemi ranar gamawa, ya tarar babu, sai ya tsaya cik ya fito da kuskure mai lamba 91. Na zargi kwamfutar, na zargi wutar da ke ɗaukewa, har na sake girka manhajar. Ashe layi ɗaya ne ya rage, wanda ke cewa in ka tarar da fanko ka tsallake. Duk makro da zai bi ayyuka, da wannan layin nake fara shi yanzu.

Na biyar kuma yana tsallake kanun babi, irin su "Ginin Madawa", waɗanda ranakunsu daga ayyukan da ke ƙarƙashinsu suke fitowa. In ba ka tsallake su ba, jinkiri ɗaya zai fito maka sau biyu ko uku.

Karon farko kada ka danna F5 ya ruga da gudu. Danna F8. Kowace dannawa layi ɗaya take tafiyarwa, layin ya yi launin ɗorawa, in ka ɗora linzami a kan t.Finish ka ga ranar da yake karantawa a daidai lokacin. Yarinyar da ke koyon aiki a wurinmu da F8 ta gane abin da na yi sati ina yi mata bayani da baki. Tana cikin dannawa ta ɗago kai ta ce, "Yaya, ashe bin layi yake yi kamar yadda kake yi da yatsa."

Akwai tarkuna uku da ba wanda ya gaya mini. Project da minti yake ajiye tsawon aiki. In ka tambayi t.Duration na aikin kwana biyar zai ba ka 2400, domin kwana ɗaya a wurinsa awa 8 ne, wato minti 480, sai fa in ka canja shi a saitin fayil. Raba da 480 ka sami kwanaki. Na biyu, makro da aka naɗa yana riƙe sunan kallo da harshen manhajar. Wanda ka naɗa a na Faransanci yana kiran "Diagramme de Gantt", in ka kai shi kwamfutar abokin aiki da ya sayo tasa daga Sakkwato da Turanci, ba zai sami wannan sunan ba, ya tsaya. Na uku ya fi ba ni haushi: tagar VBA ba ta karɓar baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Ka rubuta ƙ, alamar tambaya za ta fito. Mafita ita ce kiran harafin da lambarsa ta hanyar ChrW: 409 ita ce ƙ, 599 ɗ, 595 ɓ, 436 ƴ. Shi ya sa na zaɓi YA MAKARA, babu lanƙwasa ko ɗaya a ciki.

Abu ɗaya makro ba zai yi maka ba. In shugaban magina bai kira ya faɗi inda aiki ya kai ba, ko ka ji ka manta ba ka shigar ba, takardar za ta fito da ƙarya tsaf-tsaf. Don haka awannin da nake ɓatawa a kwafa, yanzu a waya nake kashe su ranar Alhamis da la'asar, ina tambayar kowane shantiye layi nawa na bulo aka ɗora, an zuba dakali ko ba a zuba ba.

Sauran maganar wurin ajiya. Lokacin naɗi za a tambaye ka ko a cikin wannan fayil za a ajiye makro ko a Global.mpt. Na cikin fayil yana tafiya da shi duk inda ka aika. Na Global yana aiki a duk fayil da ka buɗe, amma a kwamfutarka kaɗai yake zaune, kuma ƙurar Tawa da zafin watan Afrilu ba sa barin kwamfuta ta tsufa. Danna dama a kan Module ɗin, ka fitar da shi a matsayin ƙaramin fayil, ka sa a kile, ka kuma aika wa kanka ta imel. Makro da wani ya turo maka kuwa, buɗe shi da Alt da F11 ka karanta shi layi-layi kafin ka bari ya taɓa fayil ɗin kamfani.