Yadda za ka sha maganin ciwon ɓarin kai ba tare da ka cuci kanka ba

Jama'ar Zango, mai ciwon ɓarin kai ya san wahalarsa, ido ba ya son haske, ga tashin zuciya, ko ƙarar trotro a Kejetia ji kake kamar guduma. In dokta ya rubuta maka sumatriptan, to ka siya a famasi mai lasisi, kar ka karɓi ragowar na maƙwabciya don ita ya mata aiki.

Da ka ji kan ya fara sarawa ka sha ƙwaya ɗaya da ruwa, galibi 50mg ce, ka shiga ɗaki mai duhu ka kwanta. In ya lafa sannan ya dawo, sai bayan awa 2 da shan ta farko za ka iya ƙara ɗaya, amma in ta farko ba ta yi komai ba to kar ka ƙara, ka koma wajen dokta. Kuma fa nan ne mutane ke kuskure, shan shi kwana 10 ko fiye a wata shi kansa yana jawo wani ciwon kan, sai ka ga mutum kullum da ƙwaya a aljihu ciwon bai tafi ba.

Mai hawan jini da bai daidaita ba, ko ciwon zuciya, ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, wannan ba naku ba ne. Mai ciki ta fara faɗa wa dokta. Kar a haɗa shi da ergotamine, wani maganin ciwon ɓarin kai, cikin awa 24.

In ƙirji ya ɗaure maka sosai, ko baki ya karkace, ko ciwon ya sauko lokaci ɗaya da ƙarfin da ba ka taɓa ji ba, a ɗauko tasi sai asibitin Komfo Anokye.