Yadda zaka yi aikin madaba'a ba tare da ka bar lafiyarka a jikin inji ba

Duk wanda ya taɓa shiga inda ake buga takardu yasan warin nan, tun daga bakin ƙofa yake tarbarka, amma mu da muke wuni a ciki bayan minti goma shikenan mun daina ji. Toh ba warin ne ya tafi ba, hancinka ne ya gaji ya saba, tururin yana nan yana shiga huhu yana bin jini. Ciwon kan yamma da jirin da mutum yake ji in ya fito waje, da yawanmu gajiya muke ɗora wa laifi alhali abin wankin inji ne.

Ni abinda ya fara tsorata ni labarin birnin Osaka ne na ƙasar Japan. A 2012 aka gano ma'aikatan wata madaba'ar ofset (bugun da tawada ke bi daga filet zuwa bargon roba sannan takarda) suna ta kamuwa da kansar bututun maɗaciya, ciwon da aka fi sani ga tsofaffi, su kuma matasa ne daga ɗan shekara 25 zuwa 45, har likitoci suka tattara bayanin mutum 17 daga kamfani ɗaya. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa suke aiki inda iska bata fita sosai, kuma aikinsu na gwajin kala ne, sai a buga kaɗan a wanke a sake bugawa a sake wankewa, wuni guda suna cikin tururin sinadari. A 2014 hukumar binciken kansa ta duniya IARC ta saka ɗaya daga cikin sinadaran wankin, wato 1,2-dichloropropane, a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. Ba wanda inji ya cire wa yatsa a cikinsu, tsumma ne da ruwan wanki kawai.

Dan haka matakin farko, kasan mene ne a cikin gwangwanin da kake buɗewa. Kowane sinadarin aiki yana da takardar bayani da ake kira SDS, mai sassa 16, kuma wanda ya sayar maka ya kamata ya baka, in bai baka ba ka nema, in yace babu toh gaskiya ka fara tunanin canza wajen saye. Ba sai ka karanta duka ba. Sashe na 2 zai gaya maka haɗarinsa, na 3 abinda aka haɗa shi da shi, na 4 taimakon gaggawa, na 8 irin safar hannu da takunkumin da ya dace, na 9 zafin da tururinsa yake iya kama wuta, na 13 kuma yadda ake zubar da shi. In sunayen sun maka tsawo ka duba lambar CAS, wato lambar rajistar kowane sinadari, ita bata canzawa ko da wane yare aka rubuta takardar. 78-87-5 shine na Osaka ɗin, 75-09-2 ɗan uwansa ne dichloromethane da suka yi amfani da su tare, 71-43-2 benzin, 110-54-3 kuma hekzen. A jikin gwangwani ma akwai alamomi masu jan baki, wadda ka ga hoton ƙirjin mutum da wani abu kamar tauraro ya fashe a ciki, ita ce ke nufin illa mai daɗewa kamar kansa ko lalacewar gaɓoɓin ciki. Kuma dan Allah kada a juye sinadari a gorar ruwan sha, in dole ka rage a ƙaramin mazubi ka rubuta sunansa da manyan baƙi.

Sai maganar fetur. Na sani yana cire tawada nan take kuma ya bushe da wuri shi yasa ake sonsa, amma wannan saurin bushewar ai cikin iskar da kake shaƙa yake tafiya, ga benzin a cikinsa wanda an daɗe da tabbatar yana jawo kansar jini. Hekzen shi kuma jijiyoyi yake ci, yana farawa da dindiris a yatsun ƙafa da na hannu, a hankali mutum ya kasa hawa bene. Toluwin da ke cikin tina da tawadar giraviya (bugu da silinda mai sassaƙen zane) yana taɓa ƙwaƙwalwa da ji, mace mai ciki kam bai kamata ta kusance shi ba sam. Abinda zaka nema shine ruwan wankin da aka yi dan rola da bargon roba, wanda tururinsa baya kama wuta sai zafi ya wuce digiri 60, ko wanda aka yi da man tsirrai. Eh yana barin maiƙo kuma sai ka bi da ruwa ka goge, ranar farko zaka ji haushi, amma cikin sati hannu ya saba, kuma robar rolarka ma zata fi daɗewa dan fetur busar da ita yake ta tsattsage.

Yadda ake wankin ma yana da tasiri sosai. Kada ka tsoma tsumma a buɗaɗɗen bokiti, ka samu ƴar roba mai matsewa ka ɗiga daidai buƙata, ka rufe gwangwani da zarar ka ɗiba. Tsumman da ka gama da shi ya tafi cikin bokitin ƙarfe mai murfi ba ƙasan inji ba, saboda abu biyu, yana ci gaba da fitar da tururi, kuma tsumman da ya sha tawada mai man tsirrai in aka tara shi tuli yana iya yin zafi da kansa har ya kama wuta cikin dare ba wanda ya ƙyasta ashana. Masu ofset kuma, sinadarin IPA (isopropyl alcohol) da kuke zubawa a ruwan jiƙa filet, wato farantin da ke ɗauke da zanen bugu, tururinsa yana kama wuta tun daga digiri 12, ku auna shi kada ku riƙa kwarara da ido, ku rage a hankali, in injin yana da na'urar sanyaya ruwan ku barta wajen digiri 10 dan ya rage tashi.

Iska kuma ba wai ka kunna fankar sama ko esi bane. Fankar sama juya tururin take tana rabawa kowa, esi kuma iskar ɗakin yake sanyayawa ya dawo maka da ita. Abinda ake so fanka mai zuƙowa ta fitar waje, a kusa da inda ake wankin, da wata kafa a ɗaya ɓangaren da sabuwar iska zata shigo, kai kuma ka tsaya ta yadda iskar zata fito daga bayanka ta wuce kan aikin ta fita, ba ta biyo ta fuskarka ba. Wani abu da mutane basu lura da shi, tururin waɗannan sinadarai ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kenan fankar da aka liƙa can kusa da rufi kaɗai bata kwashe shi, kuma yaron da yake shimfiɗa kwali ya kwanta a gefen inji lokacin hutu shi yafi kowa shaƙa. Masu injin buga bana na tawadar solben ku ma wannan maganar taku ce, banar da aka buga tana ci gaba da fitar da tururi awanni bayan ta fito, a nemi wajen shanya daban.

Takunkumin yadi ko na asibiti baya tare tururi ko kaɗan, ƙura kawai yake ragewa. Na tururi shine mai gwangwanin gawayi a gefe, a tsarin Turai mai launin ruwan ƙasa da harafin A, a na Amurka baƙi, kuma gawayin yana cika, in ka fara jin wari ta ciki ya riga ya gama aiki. Safar hannu ta naitiril tafi ta latas jure tawada da yawancin ruwan wanki, duk da haka ka duba sashe na 8 dan akwai sinadaran da suke ratsa ta cikin mintuna. Wanke hannu da kananzir ko tina kuwa a daina, maiƙon fata yake kwashewa ta bushe ta tsage, ta nan sinadari ke samun ƙofa. Sabulu mai cire maiƙo da ruwa sun isa, sai a shafa mai. Kada a ci abinci a kan teburin haɗa tawada. In abu ya fallatsa a ido, ruwa mai gudana minti 15 ba tsayawa, sannan asibiti da takardar SDS a hannu.

Shi inji bai san oga ba bai san yaro ba. Duk inda rola biyu suka haɗu suna juyawa ciki, in suka kama bakin tsumma hannu ne zai bi kafin ka ce me. Kada a goge inji yana gudu, ka matsa shi kaɗan da maɓallin taki, ka tsayar, ka danna na kullewa, ka goge inda ya bayyana, ka janye hannu, sannan ka sake matsawa, kuma wanda yake gogewa shi kaɗai ne zai taɓa maɓallin. Ka ninke tsumman a tafin hannu kada ka naɗe shi a yatsu. Riga mai faɗin hannu, zobe, agogo, gyale mai lilo, duk a ajiye su. In gyara ne babba a kashe daga babban makunni a saka kwaɗo, makullin yana aljihun mai gyaran. Murfin kariyar da aka cire dan wai yana ɓata lokaci a mayar da shi yau.

Injin yanka takarda an yi shi da maɓalli biyu ne dan hannayenka biyu su kasance nesa da wuƙa, wanda ya ɗaure ɗaya da salatif ko ya toshe idon na'urar da ke tsayar da wuƙar wallahi ya ɗana wa kansa tarko. Mutum ɗaya ne a kansa, ba mai taya riƙe takarda ta baya. Kuma ba wuƙar kaɗai ba, ƙarfen da ke danne takardar ma yana murƙushe yatsa.

Ƙara kuma in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji, kun kai wajen desibel 85, iyakar awa takwas kenan, duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu. Injin ninke takarda yafi kowa laifi a nan, a saka abin toshe kunne. Takarda tana da nauyi fiye da yadda ido ke gani, ka durƙusa da gwiwa ka ɗauki kaɗan kaɗan.

Masu tawadar yubi (UV), wadda hasken fitila ke busarwa, ɗanyarta in tana taɓa fata tana iya jawo borin jiki wanda in ya kama ka ya kama kenan, ko ɗigo ka taɓa sai ya tashi. Kada a kalli fitilar, kuma tsohuwar irin mai makuri (mercury) tana fitar da iskar ozon dole a ja ta waje da bututu. Masu sikirin, wato bugu ta raga, abin cire inuwar tsohon zane yawanci soda ce mai ƙuna, tabarau da doguwar safa kafin a buɗe.

Tukunyar kashe gobara ta zama ta hoda ko kumfa ko iskar kabon (CO2), ruwa yaɗa wutar sinadari yake. A rataye ta kusa da ƙofa, kowa ya iya cire fil ɗinta, kuma kada a jibge rim ɗin takarda a hanyar fita. Babban durom ya zauna a ɗaki daban nesa da soket da janareta, in ana juyewa daga durom zuwa mazubin ƙarfe a haɗa su da waya zuwa ƙasa saboda tartsatsin da gogayya ke haifarwa.

Shara kuma anan nake ganin muna da hakkin maƙwabta a wuyanmu. Ruwan wanki da ragowar tawada da ruwan wanke filet basa shiga kwata, daga can rijiyar wani suke ƙarewa. A tara kowanne a jarkarsa mai murfi da suna, kada a gauraya, a miƙa wa masu lasisin kwashe sharar sinadari. Ruwan wankin da ya yi datti in ka barshi ya kwana biyu a rufe tawadar zata kwanta, na saman ya sake yin wankin farko. Ruwan fiksa na fim yana ɗauke da azurfa, akwai masu karɓa su tace. Filet alminiyam ne ana narkawa, guntayen takarda ma a ware farare daban da masu leda. Ragowar bana kuwa kada a ƙona, robar PVC ce, hayaƙinta yana fitar da asid mai ƙona huhu da gubar dayoksin, a tara a ba masu ɗinka jaka da rumfa ko a haɗa da sharar da za a kwashe.