Kurakuran da aka fi yi wajen mutuntar da injin iska a waƙa

Mutuntarwa, wato a ɗauki abin da ba mutum ba a ba shi hali da bakin ɗan Adam, tana da daɗin ji, amma nan da nan take tona asirin mawaƙin da bai san abin da yake wa waƙa ba. Injin iska irin na ƙasar Holan, mai fikafikai huɗu, ya sha wannan wulaƙanci.

Babban kuskure shi ne rashin sanin sana'arsa. Sai ka ga baiti yana cewa injin ya wuni yana niƙa alkama, alhali mawaƙin ya ce a Kinderdijk, wani ƙauye a Holan, yake tsaye. Injinan wannan ƙauye goma sha tara, da aka gina yawancinsu wajajen 1740, an yi su ne don kwashe ruwa daga ƙasar da ta yi kwari kada ta nutse. Ɗan garuwa ne ka mai da shi mai niƙa. Gyaran kuwa, ka ba shi kukan da ya dace da aikinsa: "Na kwashe jiya, yau ga shi ya dawo."

Wasu kuma sukan ba shi ƙafa, ya tafi yawo har bakin teku. To me ya rage na injin? Abin tausayinsa ai shi ne hannuwa na ta gudu, gindi na nan daram. Ko fuskarsa ma sai mai kula da shi ya juya masa ita ta kalli iska. Nan waƙar take.

Da zarar ka ce "kamar tsoho", kamantawa ka yi, ba mutuntarwa ba. Cire "kamar", bar shi ya yi tari da kansa. Haka in ya yi gurnani ko ya kai cizo, ka zame cikin dabbantarwa.

Sai rikicin jinsi: ɗango na farko "ya tsaya", na uku "ta gaji", don kawai amsa-amo ya zauna. Kunnen Bahaushe ba ya yafe wannan.

Akwai kuma masu sa shi hawaye babu dalili, bayan yana da nasa harshen. A Holan akan tsayar da fikafikan a ɗan karkace don sanar da haihuwa ko aure, a karkata su wani gefen in an yi rasuwa. Maƙwabta daga nesa suke karanta saƙon. Mawaƙin da ya san haka zai sa injin ya tsai da hannunsa ranar da mai shi ya rasu, ya ƙi motsi ko da iska na kaɗawa.